Sao Paulo, garin da bai ɗauke mu ƙawaye ba

A garinmu mata biyu za su iya riƙe hannu daga bakin kasuwa har ƙofar gida, su kwana gado ɗaya, su yi anko ranar biki, babu wanda zai ɗaga ido ya dube su. Ƙawaye ne, shi ke nan. A cikin wannan rigar muka daɗe muna rayuwa ni da mutuniyata, har Hajiyata takan ce, “Ke dai kin yi dacen aminiya, Allah Ya bar ku tare.” Ni kuwa sai in amsa da amin mai ƙarfi, don babu addu'ar da na fi so kamar ta, ko da yake abin da take nufi daban, abin da nake nufi daban. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi nata ba, kuma garin ma na bar shi a garinmu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, shekara 10 ga wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ga dokokin shari'a a jihohin arewa. Ga kuma abin da ya fi su duka kusa da ƙofar ɗaki, wato maƙwabci mai waya a hannu.

Ita ta zaɓi Sao Paulo, a ƙasar Barazil. Ni da farko teku nake so, in ga Rio da duwatsunta, amma ta ce tana son ta ga garin da ake cewa babu inda ake taron masu irin rayuwarmu kamar nasa. Muka yi adashi, muka nemi biza, muka sabunta katin rigakafin shawara. A gida muka ce hutu za mu, kuma ba ƙarya muka yi ba. Muka bi ta Addis Ababa, daga nan jirgi ya yi wajen awa goma sha biyu a saman Afirka da teku kafin ya sauke mu a filin jirgin Guarulhos, ƙarshen watan Mayun 2024. Wanda zai je a wannan lokacin ya tafi da rigar sanyi. Yanayinsu kishiyar namu ne, Yuni da Yuli su ne hunturunsu, kuma garin a kan tudu yake, da dare sanyi har cikin ƙashi.

Abin da ya fara girgiza ni a garin ƙaramin abu ne ƙwarai. Washegarin saukarmu na makara, ita ta riga ni sauka wajen karin kumallo. Na fito ina waige-waige, sai yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ta yi murmushi, ta danna wayarta, ta juyo mini da fassarar abin da ta rubuta, tunda ba na jin harshen Fotugal, ita kuma ba ta jin Turanci: “Matarki tana can ciki kusa da taga.”

Matarki. Sai da na riƙe gefen teburin. A rayuwata babu wanda ya taɓa kallonmu ya fahimci abin da muke, balle ya faɗa a fili kamar yana gaya mini inda aka ajiye sukari. Ba mu sumbaci juna a gabanta ba, ba mu yi wani abin da ba ma yi a gida ba. Ta dai ga mata biyu sun kama ɗaki mai gado ɗaya, ta ga yadda ɗaya take gyara wa ɗaya wuyan riga, ta haɗa lissafinta, kuma lissafin ya fita daidai. Da na je na gaya wa mutuniyata dariya ta yi har shayi ya sarƙe ta. Ni ban iya dariya ba. Zuciyata bugawa take, ina duba ƙofa ko wani ya ji. Na ɗauka abin da zan samu a ƙasar waje shi ne sakewa, ashe abin da zai fara tarata shi ne a gan ni. A gida ba a ganinmu, shi ya sa muke da rai. A nan kowa yana gani, direban tasi ya gani, mai sayar da lemo ya gani, kuma babu wanda abin ya dama.

Akwai doka a bayan wannan halin ko-in-kula, ba kirkin mutane kaɗai ba ne. A 2011 kotun ƙolin Barazil ta amince da zaman tare na jinsi ɗaya a matsayin iyali. A 2013 hukumar da ke kula da harkokin shari'a ta ƙasa ta hana ofisoshin rajista ƙin ɗaura irin wannan aure. A 2019 kotun ƙolin ta ce nuna ƙiyayya ga mutum saboda wannan laifi ne, a hukunta shi da dokar da ake hukunta wariyar launin fata. Jihar Sao Paulo ma tana da tata dokar tun 2001, wadda ke cin tarar otal ko gidan abinci ko shago in ya wulaƙanta mutum a kan haka. Sai dai ku lura, manyan matakan nan duk daga kotu suka fito. Majalisar ƙasa ba ta taɓa zama ta yi dokar auren ba, kuma a 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ya amince da ƙudurin haramta shi. Bai zama doka ba, amma masu son ya zama suna nan, da kujerunsu da coci-cocinsu. Matan da muka yi hira da su, da hannu da ka da fassarar waya, ba sa magana kamar waɗanda suka gama yaƙi.

Garin kansa ba kyakkyawa ba ne, in dai kyau irin na katin gaisuwa ake nufi. Siminti ne iya ganinka, benaye a bayan benaye, bango duk rubuce-rubucen fenti, mutum sama da miliyan 11 a ƙidayar 2022. Amma jirginsu na ƙarƙashin ƙasa tsaf yake, kuma a cikinsa na fi koyon garin. Wata rana da yamma 'yan mata biyu da kayan makaranta suka tsaya a gabanmu, ɗaya ta kwantar da kai a ƙirjin ɗaya, can kuma suka sumbaci juna. Kusa da su wata tsohuwa ce da ledar kayan miya a cinya. Ni ba yaran nake kallo ba, tsohuwar nake kallo, ina jiran ta tofar da yawu ko ta yi salati irin nasu. Hamma ta yi, ta duba agogo. A titin Frei Caneca da Augusta da dandalin Roosevelt abin ya fi haka yawa, har ido ya saba. A cikin tashar República ma akwai ɗan gidan tarihi na masu irin rayuwarmu da gwamnatin jiha ta buɗe a 2012, mutane na wucewa ta gefensa suna sauri kada jirgi ya bar su.

Wurin da na fi son zuwa kuwa babu shi yanzu. A titin Martinho Prado, daura da tsohon wurin ibadar Yahudawa da aka mayar gidan tarihi, a da akwai wata mashaya da ake kira Ferro's Bar. Tun zamanin mulkin soja, wanda ya kama daga 1964 zuwa 1985, nan ne matattarar mata masu son mata. A Nuwamban 1980 'yan sanda suka yi samame a nan da wasu mashayu na kusa, suka kwashi mata suka kulle, babu wani laifi sai kamanninsu da inda aka same su. Bayan haka wata ƙungiyar mata, GALF, ta riƙa buga wata 'yar jarida mai suna ChanacomChana, suna bi tebur-tebur suna sayarwa a cikin mashayar. Masu wurin suna son kuɗin matan, don su ne ke cika musu kujeru kowane dare, amma ba sa son jaridar. A Yulin 1983 suka kore su. Ranar 19 ga Agusta matan suka dawo, wannan karon da 'yan jarida da lauyoyi da 'yan siyasa, ciki har da wata kansila, Irede Cardoso. Mai gadi ya tare ƙofa, suka kutsa, Rosely Roth ta hau kan kujera ta yi jawabi, mai wurin ya sauko ya yarda a ci gaba da sayar da jarida. Shi ya sa har yau 19 ga Agusta rana ce ta musamman ga irin waɗannan mata a Barazil.

Mun tsaya a bakin titin, babu abin gani sai motoci da gada. Mutuniyata ta ce, “To yanzu me muka zo gani?” Na ce mata ni lissafi nake. A 1983 Hajiyata ta riga ta yi aure. Ke nan tsakanin ranar da ake jefa mata a motar 'yan sanda a wannan titin da ranar da wata yarinya za ta ce mini “matarki” ba tare da ta rage murya ba, bai kai tsawon rayuwar mutum ɗaya ba. Kuma abin da ya fi burge ni, faɗan ba a kan aure aka fara shi ba. A kan 'yar takarda ce da ake sayarwa a mashaya, da sojoji a kan mulki. Ban ce haka za ta faru a wurinmu ba, ƙasa da ƙasa ba ɗaya ba ne, kuma ni ba jaruma ba ce, ko sunana ban iya sa wa rubutun nan ba.

Ranar Asabar aka yi tattakin mata, wanda ake yi kowace shekara tun 2003, kwana ɗaya kafin babban taron. Shi na fi so nesa ba kusa ba. Ba shi da girma sosai, ganguna ne da mata, wasu da goyo, wasu da furfura, baƙaƙe da yawa. Mun bi ta gefe, kowace da hular hana sallah da baƙin tabarau da takunkumi. Wata mai kyamara ta matso, ta nuna kyamarar ta nuna mu, alamar tambaya. Na girgiza kai. Ta sauke, ta dafa ƙirji, ta wuce. Da alama ta san irinmu, ba mu ne na farko ba.

Lahadi, 2 ga Yuni, shi ne babban taron a titin Paulista, wanda aka fara tun 1997. Manyan motocin kiɗa a jere, kowace da mutane a samanta, ƙara har ƙirji na amsawa. A shekarar an nemi mutane su sa kore da rawaya, launin tutar ƙasa, don magoya bayan tsohon shugaban ƙasa Bolsonaro sun daɗe da mayar da launin nasu, su kuma suna cewa tutar ta kowa ce. Masu shiryawa kan ce miliyoyi ne ke zuwa, masu bincike na jami'ar Sao Paulo da suka ƙirga da hoton sama suka ce a lokacin da aka fi cika bai kai dubu ɗari ba. Ni dai na san ban ga ƙasa ba. Amma ban ji daɗinsa ba, gaskiya. Kowane hannu da waya a sama, rabi suna watsawa kai tsaye, ni kuwa duk kyamarar da ta juyo sai in ga fuskata tana yawo a TikTok da WhatsApp na 'yan unguwarmu, an zagaye ta da jan layi. Ga tambarin bankuna da kamfanonin giya ko'ina, kai ka ce su suka hau kujera a 1983. Mun tsaya kusa da gidan tarihin MASP mai jajayen ginshiƙai, muka sha kallo, kafin la'asar muka sulale.

Akwai inda tsoron ya fi na kyamara. A tsakiyar gari, wajen República da titin 24 de Maio, 'yan Afirka ne birjik: 'yan Senegal da atamfa a shimfiɗe, 'yan Kongo da Angola, 'yan Najeriya da shagunan kitso da na abinci. Muna tafe hannuna cikin nata, sai muka ji wani a bayanmu yana waya: “Wallahi kayan ba su iso ba tukuna, ka ƙara haƙuri.” Ban san wadda ta fara sakin wata ba. Kafin ya gama maganar akwai taku biyu a tsakaninmu, ni har na ja mayafina na rufe kai. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Dattijo ne, Hausarsa irin ta zango, ta Kumasi ko Akara. Ya ji mutuniyata ta ce mini “mu wuce”, fuskarsa ta washe.

“A'a! 'Ya'yana, Hausawa ne? Daga ina? Sari kuka zo yi?”

“Hutu muka zo, Baba.”

“Ku kaɗai? Ina mazajen naku?”

“Ba mu yi aure ba tukuna, Baba.”

“To Allah Ya kawo nagari. Amma ku kula, garin nan ya lalace, kun dai ga abin da suka yi ran Lahadi.”

Muka ce mun gani. Ya saya mana shayi, ya hana mu biya, ya kwatanta mana inda za mu sami naman halal a unguwar Brás da Pari, ya gargaɗe mu kada mu ci wake a gidan abinci sai mun tambaya, don sau da yawa da naman alade ake dafa shi. Da ya zage mu da abin ya zo mini da sauƙi. Mutumin kirki ne, irin kawunnaina sak, kuma duk garin babu wanda na ji daɗin muryarsa kamar shi, babu kuma wanda na yi wa ƙarya sai shi.

Shawararsa ta abinci ta yi amfani. Feijoada, abincin da suke ji da shi, wanda ake yi Laraba da Asabar, wake ne da alade tun daga kunne har wutsiya, ba namu ba ne. Amma Larabawan Siriya da Lebanon sun fi shekara ɗari a garin, shi ya sa fanken nama irin nasu da kibbe suke kowane lungu. Su ne kuma suka gina masallacin da ake kira Mesquita Brasil a unguwar Cambuci, mafi daɗewa a ƙasar. Na sa hijabina na je Juma'a, na yi sallah a sashen mata tsakanin wata Balarabiya da wata 'yar Barazil da ta musulunta. Na san akwai mai karanta wannan da zai ce me ya haɗa ki da masallaci. Ban zo yi wa kowa fatawa ba, kuma ban nemi ta kowa ba. Sallah dai tun ina 'yar shekara bakwai nake yin ta, ban ga ranar dainawa ba.

A wani gidan abinci na mutanen jihar Bahia kuma na ga abin da ya sa na ajiye cokali. A jerin abincin akwai arroz de hauçá, shinkafar Hausawa. An dafa ta luguf da madarar kwakwa har ta kusa zama tuwon shinkafa, an zuba soyayyen busasshen naman sa da albasa a kai, ga manja. Gefe kuma acarajé, wanda ƙosai ne ba ko tantama, sai dai a manja ake soya shi a tsaga a cusa masa jatan lande. Yadda sunanmu ya je can ba labari ne mai daɗi ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su bakin teku, aka tsallaka da su Bahia. Su suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. Babban tawayen Musulmi na Janairun 1835 a Salvador, babban birnin Bahia, a ƙarshen Ramadan, yawanci Yarabawa ne suka yi shi, kuma an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. Gidan tarihin Afro Brasil da ke lambun Ibirapuera ya cancanci yini guda, mu ma sai da ƙafa ta gaji muka fito.

Wannan tarihin bai mutu ba, a jikinmu muka ji shi. Fiye da rabin 'yan ƙasar baƙaƙe ne ko ruwa biyu, amma shiga wani babban kanti a unguwar masu kuɗi ta Jardins ka ƙirga baƙaƙen da ba sa cikin kayan aiki. A wani shago mai gadi ya bi mu daga layi zuwa layi har muka fita. Riƙe hannunmu bai dame shi ba ko kaɗan, fatarmu yake bi. Mutuniyata kuma wando da riga take sawa, ga aski, shi ya sa labarin Luana Barbosa ya tsaya mini a rai: baƙar mace mai son mata, mai shiga irin ta maza, wadda 'yan sanda suka lakaɗa wa duka a Ribeirão Preto, cikin jihar nan, a Afrilun 2016, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Ƙasar da ke da wannan gagarumin taro ita ce kuma ta daɗe tana kan gaba a duniya a yawan kisan masu sauya jinsi da ake ƙirgawa. Saboda haka duk wadda za ta je, kada ta ɗauka Paulista ce Barazil. Da dare mota muke kira ta waya, ba ma yawo a tsakiyar gari bayan shaguna sun rufe, kuma ba a tsayawa bakin titi da waya a hannu, don masu keke da babur fizge ta suke yi, wannan kam bai shafi wa kake so ba.

Ana gobe za mu taso muka yi faɗa, irin wanda ake yi da murya ƙasa-ƙasa ko da babu mai jin yaren. Wata da muka haɗu da ita a tattakin Asabar ta gaya mata cewa tun 2023 hukumar 'yan gudun hijira ta Barazil ta sauƙaƙa hanyar neman mafaka ga waɗanda suka fito daga ƙasashen da ake ɗaure irinmu ko a kashe. Mutuniyata ta ce mu tsaya. Ta ce ta gaji da zama aminiya, shekarunta sun wuce talatin, kuma gidansu sun fara maganar wani ɗan baffanta da matarsa ta rasu. Na ce mata in mun tsaya wa zai kai Hajiya asibiti ranar Talata, da wane harshe zan nemi aiki, kuma me zan ce wa ƙannena. Ta ce kullum ina da dalili. Na ce dalilan nawa suna da sunaye, kuma ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta ci tuwo a gidansu.

Mun dawo tare. A Addis Ababa muka zauna muka bi wayoyinmu muka goge duk hoton da tuta mai launin bakan gizo ta fito a ciki, muka bar na lambu da na abinci da na masallaci, su muka nuna a gida. Ita yanzu kowane dare tana koyon harshen Fotugal a waya, ta kai inda ake tambayar kuɗin haya. Maganar ɗan baffan nata an ɗaga ta zuwa bayan babbar sallah.